Rabon Sojan da Bai Dawo Ba

Shekaranjiya da hantsi ina shanya a bayan ɗaki sai warin dafaffen kabeji ya tsallako katanga daga gidan maƙwabtana. Wari na ce, don haka aka koya mini in ce. A gidan da na tashi ba wanda ya taɓa kiran sa ƙamshi. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafata, raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin. Na sha jin ana cewa idan mutum ya manyanta zuciyarsa takan yi sanyi. Tawa dai ba ta yi ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ta yi don ka ji daɗin karatu ba.

Uwata 'yar Rasha ce. Gwamnati ta tura babana can karatun injiniya, ya dawo da takardar shaida, da hular gashi wadda ba ta da amfani a Katsina, da doguwar mace fara mai ɗauke da cikina. Gidanmu na Ƙofar Guga ne, babban gidan ƙasa mai zaure biyu, da rijiya, da tsohuwar bishiyar bedi a tsakar gida. Kakana namiji ya rasu tun ba a haife ni ba, saboda haka gidan a hannun kakata yake, wadda kowa ke kira Hajiya. Ita ce uwar Baba, shi ne autanta, kuma Auta take kiran sa har ya yi furfura. Sai Goggo, yayar Baba, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da 'ya'yanta. Hajiya ke yanke hukunci, Goggo ke kai mata ƙara.

Ba abin da Mama ba ta yi ba don ta zama 'yar gida. Ta musulunta, ta koyi salla, ta yafa mayafi a zafin da ke sa fatarta ja kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta koyi daka har tafin hannunta ya yi kanta, ta koyi tuƙa tuwo, ta koyi durƙusawa ta gaida Hajiya da asuba da doguwar gaisuwa irin tamu, ba ta tsallake ko gajiya ko sanyi ko kwanan yara. Duk da haka Baturiya ce sunanta a gidan. Kwanonta daban ake kifewa. Ranar da kewar gida ta kama ta, takan sayo kabeji wurin masu lambu ta yanka da tumatir da ɗan nama ta ɗora a risho a ƙofar ɗakinta. Da tururi ya tashi Goggo za ta toshe hanci da bakin zane ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji, “Yau ma an ɗora juji bisa wuta.”

Ni ma ban tsira ba. Gashina ja-ja ne, idona kuma Goggo ta ce na mage ne, 'ya'yanta suka ɗauka suka kai makaranta. Hajiya na wasan jika da kowane yaro a gidan, ta ce wa wannan mijinta, ta ce wa waccan ƙawarta, ta ƙwace musu ƙuli-ƙuli ta mayar. Ni ba ta taɓa duka na ba, ba ta taɓa hana ni abinci ba, ba ta kuma taɓa tsokana ta ko sau ɗaya ba. Yaro na gane irin wannan tun bai iya faɗa ba.

Akwai wata ɗabi'a ta Mama da ta fi komai ba su abin dariya. Ba ta iya ganin abinci a ƙasa. In an gama ci takan bi tabarma da yatsa tana tsince ɓarɓashi tana kai wa baki. Ƙanzo ba ya kwana a tukunyarta. Ɓawon dankali ma sai ta yi masa fiɗa siririya kamar mai jin tausayinsa. Goggo ta sa wa abin suna yunwar gado. Wata rana na dawo ina kuka na tambaye ta me ya sa take ba mu kunya, sai ta ja ni gindin bedi. Azahar ce ta bazara, duk gidan an shige ɗaki ana barcin rana. Ta share ƙasa da tafin hannu, ta aike ni na tsinto mata ƙwallon goruba da na dabino, ta ce gorubar Jamus ce, dabinon mutanensu.

Daga ranar ta zama al'adarmu. Da Hausarta mai nauyi, wadda kalmomi ke fita ɗaya-ɗaya kamar ana sauke tubali, ta ba ni labarin yaƙin, ba a zama ɗaya ba, a hankali cikin shekaru. Ta ce Jamusawa sun shigo ƙasarsu ne da farkon lokacin ɗumi, ba sallama, alhali akwai alkawarin zaman lafiya tsakaninsu. Sun zo da tankoki da jirage, suna cin gari bayan gari da saurin da ko labari bai riga su isa ba. Ƙauyen uwarta na cikin waɗanda suka fara faɗawa hannunsu. Suka kwashe shanu da kaji, suka fitar da mutane daga ɗakunansu suka shiga suka zauna. Wanda ya ɗaga kai su rataye shi a bakin rijiya su hana a sauke. Sai ta tura gorubar da yatsa har gab da wani dutse da ta ajiye a matsayin babban birninsu, ta ce sun matso kamar a ce mahara sun tsaya a nan Ƙofar Guga suna hango hasumiyar tsakiyar gari.

A nan ne aka fara tare su. Sanyi ya sauko, irin wanda ta ce in ka tofa yawu sai ya daskare kafin ya kai ƙasa, sababbin sojoji kuma suka iso daga gabas cikin fararen kaya suka tura Jamus baya a karon farko. Da shekara ta zagayo sai Jamus suka juya kudu suna neman inda man fetur yake, suka shiga wani birni a bakin babban kogi. Can aka yi faɗa gida-gida, ɗaki-ɗaki, har ya zama wannan na zaure wancan na tsakar gida. Sojojin Rasha suka bar su suka nutsa a cikin birnin, sannan suka zagayo ta bayansu dama da hagu suka rufe. A nan takan jera dabinon ya kewaye gorubar, ta haɗa da'irar da yatsa biyu, haƙoranta a cije. Yunwa da sanyi da harsashi suka ci su a ciki har suka ɗaga hannu. Bayan wannan sun ƙara yunƙurawa da tankoki a wani fili, aka karya su, daga nan kuma sai baya, kogi bayan kogi, har ƙofar gidansu.

Abokan Baba da suka yi boko sukan ce a zaure ai sanyi ne ya ci Jamus da yaƙi. In Mama ta jiyo daga ciki ba ta iya barin maganar ta wuce. “Sanyi kowa ya ji shi,” in ji ta. “Mutane suka kore su. Babana ya kore su.”

Amma korar ba ta zo da daɗi ba, domin duk inda Jamus za su bari sai sun cinna masa wuta. Ƙauyen uwarta ya ƙone ƙurmus. Yayar Mama mace, budurwa, tun da farko an loda ta a jirgin ƙasa da sauran 'yan mata an tafi da su bauta, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Yayyenta maza biyu yunwa ta kashe su a rami, uwarsu na tonon daskararren dankali da hannu tana tauna musu. Da aka ƙwato yankin, ubanta ya sami izinin zuwa gida saboda rauni a kafaɗa. Ya tarar ba abin da ke tsaye sai murhun ɗakinsu. Ya haƙa wa matarsa ɗaki a cikin ƙasa ya rufa da itace, ya warke, ya koma. An kashe shi wajen ƙetare wani kogi a cikin ƙasar Jamus, yaƙi na gab da ƙarewa. Bayan haka aka haifi Mama. Hoto ɗaya tak ta gada, na wani mutum mai faɗin fuska da kunnuwa manya irin nawa. Uwar tata kuwa ta rasu ina goye, Mama na nan Katsina, ba ta sami zuwa ba.

Kowace shekara cikin bazara, ranar da suke tunawa da ƙarewar yaƙin, Mama takan yi wanka da sassafe ta rufe ƙofa. Sai ta jingina hoton a kan ɗan tebur a kusurwar ɗaki, ta cika ƙaramin kofin gilashi ta ajiye a gabansa, ta rufe bakin kofin da yankan burodi. A ƙasarsu giya ake zubawa, amma tun da ta musulunta ruwan randa take sawa. Ba ta roƙon komai, ba ta karanta komai. Zama kawai take yi ta yi shiru, ni ina jingine da ita. Ta ce mini haka ake yi wa sojan da bai dawo ba: kowa ya koma gida ya zauna ya ci, shi ma sai a ajiye masa rabonsa, kuma ba mai taɓawa har burodin ya bushe ruwan ya ƙafe. Baba ya san da wannan sarai. Ya zauna a teburin surukarsa a can ya ga ana yi. A nan ma shi ke biyawa wurin mai shayi ya sayo burodin, ya shigo da shi a aljihun babbar riga.

Shekarar da abin ya faru ban kai goma ba. Baba ya kwanta da tari mai naci, ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an je asibiti an dawo. Zafi ya yi zafi, hadari na haɗuwa da yamma ya watse ba ɗigo, kowa a gidan ransa a wuya. Goggo ta je wurin wata mata mai duba a bayan ganuwa, ta dawo da magana ɗaya: abin da ke cin Auta a cikin gida yake. Tun daga ranar idonta bai bar ƙofarmu ba. Kashegarin ranar da Mama ta ajiye kofin, tana bakin rijiya tana wanki, Goggo ta faɗa ɗakinmu wai neman almakashi. Sai muka ji salati. Ta fito ɗauke da teburin gaba ɗaya ta dire shi a tsakar gida.

“Hajiya, hito ki gani! Ga abin da ke cin Auta. Hoton ƙato a lungu, an aje mashi ruwa da abinci. Wa ake ba abinci a lungu in ba iskoki ba?”

Hajiya ta fito da carbi a hannu. Matan sassan gidan suka fito, yara suka kewaye. Mama ta taso da kumfa a hannu ta durƙusa, kamar yadda aka koya mata.

“Babana ne, Hajiya. Ya mutu a yaƙi.”

“Matacce shina cin burodi?” in ji Hajiya. “Mu in namu ya mutu sadaka muke, mai rai ya ci, lada ta iske shi. Wannan mi ne ne?” Ta daɗe tana duban kofin. Tsoro na gani a fuskarta, wannan kam ba zan hana mata ba, ɗanta ne ke kwance. Sannan ta ce, “To. In babu komi ciki, ki ci ki sha nan gabanmu, magana ta ƙare.”

Ka san yadda abin yake a wurinmu. Wanda aka zarga da sa wani abu a abinci, ya ci a gaban mutane, shi ke nan ya wanku. Hajiya a ganinta hanya mafi sauƙi ta buɗe mata. Kowa a tsakar gidan nan ya san mai gaskiya ba ya ƙin loma ɗaya. Ba wanda ya san cewa a wurin Mama wannan lomar ita ce kaɗai a duniya da ba za ta iya haɗiyewa ba, ita da ke tsince ɓarɓashi a tabarma.

“Ba nawa ba ne, Hajiya,” ta ce. “A kawo wani burodi in ci. A kawo Alƙur'ani in rantse. Wannan nasa ne.”

Tsakar gida ta ɗauki guna-guni. Goggo ta tafa hannu ta ce kun ji ko. Aka tado Baba, ya fito yana dafa bango, zane a kafaɗa. Na ji sanyi a raina da na gan shi, don na san magana ɗaya zai yi kowa ya koma ɗakinsa. Hajiya ta tambaye shi ko ya san da wannan abu. Ya dubi teburin, ya dubi uwarsa, ya dubi taron matan da ke jira su ji ko ɗan gidan malamai ya san ana ajiye wa hoto abinci a ɗakinsa ya yi shiru. Sai ya sunkuyar da kai.

“Ban cika shiga harkokinta ba, Hajiya.” Ya juya wajen Mama ba tare da ya dube ta ba. “Ki ci kawai a wuce wurin.”

Ban san lokacin da na yi ihu ba. Na ce ai Baba ne ke sayo burodin, a aljihu yake kawowa. Goggo ta make mini baki da bayan hannu har na ji gishirin jini. Daga nan ta ɗauki kofin ta watsar da ruwan, ta jefa burodin ƙasa ta murje shi da silifa, ta fizgi hoton ta nufi murhu inda ake dafa wake. Mama ba ta motsa ba da aka zubar da ruwan, ba ta motsa ba da aka taka burodin. Hoton ne ya tashe ta. Taku biyu ta yi ta kama wuyan hannun Goggo ta murɗe, ta ƙwace, ta ɗauke ta da marin da aka jiyo har zaure. Goggo ta zube a jikin turmi. Har gobe in na tuna marin nan daɗi nake ji, Allah ya yafe mini, ko da yake shi ya raba ni da uwata.

Matar ƙane ta mari yayar miji a gaban uwarsu. Ba sai an tara kowa ba. Hajiya ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce, “Auta, in ni na haihe ka, kada ta sake kwana gidan nan da igiyarka.” Kafin la'asar Baba ya rubuta mata takardar saki. Ko idda ba a bari ta yi a ɗakinta ba. Wata maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya daga Filato, Kirista, wadda takan kawo mata kabeji da dankali in ta je gida, ita ta zo ta ɗauki akwatinta a ka ta kai ta gidanta. An hana ni taka ƙofar gidan. Nakan zame daga hanyar makarantar allo in shiga ta baya, Mama ta wanke mini kai ta taje, ta ba ni abinci tana kallon bakina, in fito in sha dukan Goggo. Dukan bai taɓa hana ni komawa ba.

Damina ta sauka, lungunmu ya cika da taɓo da kukan kwaɗi, sai aka ce takardun zamanta a ƙasar nan da auren suke rataye, tun da aure ya mutu dole ta tafi. Ta yi ta zuwa zaurenmu tana durƙusawa a kan danshi, ba a ce mata ta shigo ba. Ba aure take roƙo ba, ni take roƙo. Ta ce za ta riƙe mini salla, za ta dawo da ni duk hutu, ta ce a bar mata ni ko zuwa in yi wayo. Ina laɓe a bayan ƙyaure ina ji. Hajiya ta aiko mata da amsa ta bakin Goggo: “Ɗiya ta uba ce. Ba a kai mana jini ƙasar da ba a kiran salla.” Baba yana ɗaki, tarinsa kawai ake ji.

Wata safiya Hajiya ta kira ni da fara'ar da ban saba gani ba, ta ba ni ƙwaryar fura in kai wa wata 'yar'uwarta a Ƙofar 'Yandaka. Matar ta riƙe ni, ta ce sai ta yi mini kitso, ta yi ƙanana-ƙanana irin masu cin yini, ta ba ni tuwo, ta ce in jira rana ta yi sanyi. Da na dawo na tarar da ma'aikaciyar jinyar a ƙofar gidanta idonta jawur. Ta rungume ni, rigarta na warin asibiti, a nan na gane Mama ta tafi. Na ƙwace na ruga gida. Ɗakinmu an share an yi masa sabon daɓe, gadon Goggo na ciki, ta jera kwanoninta a bango har sama. Aka ce daga yau a ɗakin Hajiya zan riƙa kwana.

Baba ya warke. Tarin fuka ne, likita ya faɗa, kuma ƙwayoyin asibiti da allura suka kashe shi. Amma a gidanmu labarin da ya zauna shi ne tun da Baturiya ta fita Auta ya miƙe, kuma ban taɓa jin ya gyara wa kowa ba. Ya sake aure, ya haifi wasu, ya tsufa ana ganin girmansa a unguwa. Na yi masa biyayya, na yi jinyarsa a ciwon ajali, ina roƙa masa gafarar Allah a kowace salla. Tawa gafarar kuwa ina ta lalube a zuciyata har yau ban kama ta ba. Jamusawan da ban taɓa gani ba na tsane su tun ina yarinya, amma su aƙalla ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya da waɗanda suka zalunta ba.

Sau ɗaya na sake ganin Mama, bayan na yi aure, mijina ya yi mini ƙoƙarin tafiya Rasha. Na same ta a ɗaki ɗaya can saman wani dogon bene, ta tsufa, ta rankwafa, ita kaɗai. Ta buɗe ƙofa ta ce, “Sannu da zuwa, ina gajiya, ina mutan gida?” Hausarta na nan ba ta zube ba, ita da ba ta da wanda za ta yi da shi. Ta tambayi Hajiya, na ce ta rasu, ta yi mata addu'a. Ta tambayi Baba. Ta tambayi Goggo da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi aure, wa ya haihu. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ba a daɗe ba bayan na dawo aka aiko mini ta rasu, maƙwabta suka yi mata sutura.

Yau gidan Ƙofar Guga an raba shi gado, an sare bedin, zauren da ta durƙusa a ciki ya zama shagon cajin waya. Samarin da ke zama a wurin suna kallon hotunan wancan yaƙi a wayoyinsu, suna gardama a kan tankoki, suna yabon jarumtar Rasha kamar ƙungiyar ƙwallo. Ba na sa musu baki. Wanda ya ji yaƙi daga bakin marainiya ba ya yi masa tafi, na da ne ko na yanzu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda jinin da aka yi mini gori da shi ya zama abin ado a dangi. A wurin biki sai in ji ana nuna ni ana cewa ai wannan uwarta 'yar Rasha ce.

Watan jiya aka yi sallama a gidana na Ƙofar Kwaya. Goggo ce, ta tsufa tukuf, jikanta na riƙe da hannunta, saurayi mai kunya da ladabi. Rabonta da gidana tun sunan ɗana na fari. Na shimfiɗa mata darduma, muka gaisa, gajiya, gida, yara, jiki, zafi, ba abin da na rage mata. Sannan ta gyara zama ta ce yaron ya sami gurbin karatun likita a Rasha.

“Shi ne na ce bari in zo wurin ɗiyata,” in ji ta. “Ai ku da su dangi ne. Ki haɗa shi da dangin uwarki, ya samu inda za shi ci tuwo in an yi hutu. Kin san zama cikin baƙi ba kowa naka, abin da wuya.”

Na dube ta da kyau, ko zan ga alamar ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ban ga komai ba sai tsohuwa mai tsoron kada jikanta ya sha wahala.

“Goggo, ba ta da kowa can,” na ce. “Jamus sun kashe ubanta, sun tahi da yayarta, yunwa ta ɗauki saura. Ita ma maƙwabta suka rufe ta. Dangin da take da su a duniya ku ne.”

Carbin hannunta ya tsaya. Sannan ta ce a hankali, “To, ki sa mashi albarka dai.”

Na ɗaga hannu, su ma suka ɗaga. Na ce Allah ya kai shi lafiya, Allah ya ba shi abin da ya je nema, suka ce amin. Na ce Allah ya sa a riƙe shi a can kamar yadda aka riƙe uwata a nan. Yaron, da bai san komai ba, ya shafa fuska ya ce amin da ƙarfi. Goggo ta bar hannuwanta a sama, ba ta shafa ba, ba ta kuma ce amin ba.